Tukunya, Allura da Lifidi: Rinin Kariya a Damagaram daga Ƙarni na 19 zuwa Yau

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana duba yadda ake fitar da ado a jikin tufa a ƙasar da marini launi guda yake bayarwa. Muna nuna cewa a Damagaram allura ce take yin wannan aiki, ko dai kafin a tsoma tufa a baba, ta hanyar ɗauri da ɗinki, ko kuma bayan an tsamo ta, ta hanyar haɗa ƙyallaye kamar yadda ake yi wa lifidi. Hujjojinmu sun fito daga rubuce-rubucen tarihi da kuma kalmomin sana'ar kansu.

1. Gabatarwa

Wanda ya karanta abin da aka rubuta game da rini a ƙasar Hausa zai tarar mafi yawansa labarin karofi ne da na ayari: rijiyoyi nawa, kayan raƙumi nawa, wuri nawa. Dalilin haka a fili yake. Turawa matafiya na ƙarni na 19 a fada suke sauka ko a gidajen fatake, kuma abin da masu masaukinsu suke ƙirgawa shi su ma suke ƙirgawa. Aikin da ake yi bayan zaure, kusa da murhu, ba ya shiga lissafin falke.

Abin da za mu duba a nan shi ne dabarar da ake ce wa teinture à réserve da Faransanci, watau a kare wani sashe na tufa don kada rini ya kama shi, ya fito fari a tsakiyar baƙi. Hausa ba ta tara wannan dabara ƙarƙashin suna guda ba. Aikatau take amfani da su: a ɗaure, a ƙulle, a ɗinke, a shafa. Don sauƙin bayani za mu kira ta rinin kariya. Wannan rashin suna kansa abin lura ne ga mai nazarin harshe. Sana'ar da take da kasuwa da sarki takan sami sunayenta da ɗafa-goshin ma-: marini da marina, mabugi da mabuga, majemi da majema. A irin waɗannan kalmomi karin sauti ne kaɗai yake raba jam'in masu aikin da wurin aikin, domin marina ta wuri duk gaɓoɓinta sama suke, ta mutane kuwa gaɓar tsakiya ƙasa take. Mai ɗaurin zane ba ta sami irin wannan suna ba, saboda aikinta bai fita daga tsakar gida ya zama sana'ar fili ba.

2. Damagaram a kan hanyar shuni

Daular Damagaram ta kafu a farkon rabin ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da gadon sarauta garin da Turawa suka sani da Zinder. André Salifou (1971) da Roberta Dunbar (1970) sun bi tarihin siyasarta, Stephen Baier (1980) kuma ya bi na tattalin arzikinta. Dukansu sun nuna cewa ƙarfin garin daga matsayinsa ya fito: yana tsakanin Kano da Abzin, a kan hanyar da ta miƙe har Tarabulus. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin shekara talatin ko fiye, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi da igwa, ya shimfiɗa ikonsa har Muniyo. Fatake da baƙi kuwa a Zango suke sauka, wajen ganuwa.

James Richardson ya zauna a garin a farkon 1851. Heinrich Barth ya iso a ƙarshen Disamba 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu 1853. Abin da Barth ya lura da shi ya shafe mu ƙwarai: ya ɗauki garin a matsayin ƙofar ƙasashen Sudan saboda ciniki, amma a fannin sana'a ɗan rinin baba kawai ya ambata. Ke nan akwai marina a Damagaram tun wancan lokaci, sai dai ba su kai na Kano ba, inda shi Barth ɗin ya ƙiyasta darajar tufafin da ake fitarwa a wuri miliyan 300 kowace shekara.

Manyan masu sayen wannan tufa su ne Abzinawa. Ayarin gishirin Balma da Fashi yakan gangaro da rani ta Damargu da Damagaram har Kano, ya koma arewa da gero da tufa: turkuɗi na mata, kore, da rawani ɗan Kura mai sheƙi, wanda ya ci sunan garin Kura da ke kudu da birnin Kano. Abin da mai saye yake nema a irin wannan tufa shi ne baƙi ƙirin bai ɗaya, wanda aka buga a mabuga da garin shuni har yana walƙiya, yana kuma zuba a fatar mai shi. Daga nan ne harshe ya sami “masu hannu da shuni”, watau mawadata. A turkuɗin fatauci farin tabo aibi ne. Saboda haka wanda yake neman tarihin rinin kariya a cikin kayan raƙumi ba inda ya dace yake nema ba.

3. Ilimin karofi da ilimin murhu

Launin da ke cikin ganyen baba (Indigofera) ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba ba ya shiga zare. Duk hikimar marini ita ce ya narkar da shi. Ana yanke baba, a daka, a cura, a shanya. Sa'an nan a zuba shi a karofi tare da toka da katsi, watau laka ta ƙasan karofi wadda aka kwashe, aka busar, aka ƙona. Sai a bar haɗin kwanaki ana motsawa. Toka tana ba ruwan kaifi, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna ruɓar da ganyen suna cinye iskar da ke cikin ruwan, har launin ya juye ya narke. Shi ya sa tufa takan fito daga karofi tana tsanwa-tsanwa, sai ta sha iska ta koma shuɗiya, launin ya sake daskarewa a cikin zaren. Yawan tsomawa da tsamowa shi ke kai ta ga abin da Bahaushe yake ce wa baƙi.

Idan aka dubi wannan aiki da kyau, za a ga babu matakin da baƙo ne ga mace mai girki. Ta san tace ruwan toka a tukunya mai huda don miya. Ta san rufe dafaffiyar kalwa ta bar ta kwanaki har ta zama daddawa, kuma da hanci take gane ta yi. Sandar da marini yake motsa karofi da ita ma muciya ake ce mata, kamar ta tuƙa tuwo. Philip Shea, wanda ya yi nazarin rinin ƙasar Kano (1975), ya nuna cewa manyan tukwane ne suka riga rijiyoyi, kuma abin da ya ba rijiya dama shi ne laso, simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, wanda yake hana ruwa tsiyayewa. Karofi, ke nan, tukunya ce da ta girma ta fita waje, ta koma hannun maza saboda kasuwa.

Sauran launuka sun fi baba kusa da madafa. Karan dafi, wata irin dawa da ake nomawa don jan kubenta, da kanwa ko ruwan toka ake fitar da jansa. Kanwa kuwa arzikin Muniyo da Manga ce, kamar yadda Paul Lovejoy (1986) ya bayyana. Saiwar rawaya da gangamau suna ba da launin ɗorawa. Bagaruwa, idan ta haɗu da ƙarfe, baƙi take bayarwa. J. M. Dalziel ya tara yawancin waɗannan sunaye tun 1916. Sai dai waɗannan launuka sun fi kama fata da kaba, a auduga kuwa wanki da rana suna kwashe su da sauri. Wannan ne ya sa ja ya zama launin dukawa da masu saƙar faifai, baba ya zama launin tufa.

Harshe ya adana sawun wannan ilimi a sunayen launi. Rawaya sunan tsiro ne kafin ta zama sunan launi. Da yawa kuma da kalmar ruwa ake gina su: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan toka. A ganinmu wannan gini yana nuna al'ummar da ta fara sanin launi a matsayin jiƙo, abin da ake tsoma wani abu a ciki.

4. Hanyoyin kariya uku

Ta farko ita ce ɗauri. Ana tsinko wani wuri a tufa, a sa tsakuwa ko ƙwayar wake a ciki, a naɗe wuyansa tamau da zare ko kaba. Bayan rini, idan aka kwance, sai farin zobe ya bayyana. Ta biyu ita ce ɗinki: a ninke tufa, a bi ta da allura, a ja zaren har ta tattare, a ƙulle, inda ya matse rini ba ya ratsawa. Waɗannan biyu ba sa bukatar komai sai allura da zare da haƙuri, kuma suna karɓar kowace irin tufa, har saƙar gida mai kaushi.

Ta uku ita ce shafi, watau a rufe wurin da wani abu mai danƙo. Fitaccen misalinsa a kudu yake, a Abekuta da Ibadan, inda tun farkon ƙarni na 20 Yarabawa suke dama garin rogo da alif, su zana shi a kan tufa da gashin kaza ko ta cikin hudajjen ƙarfe, su shanya, sa'an nan su rina. Wannan shi ne adire eleko. Abu biyu suka sa ya yiwu. Na ɗaya, ruwan baba ruwan sanyi ne, kuma tsomawar ba ta daɗewa, don haka ƙullun ba ya narkewa kafin a gama. Da a tafasasshen ruwa ne da ya zube tun tsomin farko. Na biyu, yadin kanti mai santsi ya wadata a lokacin, shi kuwa shafi ba ya zama daidai a kan saƙa mai gurji. Kalmar adire da Hausa ta ara daga Yarabanci ita kanta shaida ce ta inda wannan nau'i ya fito.

Kada a ɗauka daga nan cewa arewa ba ta san shafi ba. Ta san shi, amma a kan fata. Masu yin batta a Agadas suna murza kakin zuma ya zama siraran zare, su liƙa shi a jikin battar bisa adon da suke so, su tsoma ta a jan rini, sa'an nan su ɓamɓare kakin. Haka kuma mai ƙunshi, wadda take yanka salatif ta manna a ƙafar amarya kafin ta shafa lalle, rinin kariya take yi a kan fatar mutum.

Game da rabon aiki, abin da ake gani a marinar Ƙofar Mata ta Kano yana haskaka mana hanya: mata suke ɗauri a cikin gida, a kai wa maza su tsoma a karofi. Damagaram da Kano hanya ɗaya suke, baba ɗaya, harshe ɗaya, kuma kullen matan birni iri ɗaya. Muna ganin wannan rabo shi ne ya fi dacewa da yanayin Birni da Zango. Tufar da ake yi wa wannan ado ta amfanin gida ce, sau da yawa ma tsohuwa da ake son sabuntawa. Karin maganar nan, “a rina, an saci zanen mahaukaciya”, ta isa shaida cewa mayar da tsohon zane marina don ya sake kama abu ne da kowa ya sani.

5. Lifidi: ado bayan rini

Hanya ta biyu ta samun ado daga tufa mai launi guda ita ce a yanka a haɗa. Allura da ma ba baƙuwa ba ce a nan, domin saƙar maza siriri take fitowa, ta rawanin Kura ma faɗinta bai fi ɗan yatsa ba, kuma sai an ɗinke ɗimbin irinta gefe da gefe kafin a sami tufa. Ƙololuwar wannan fasaha ta haɗi ita ce lifidi, rigar yaƙin doki da mahayinsa: a shimfiɗa tufa, a cusa auduga ko audugar rimi, a rufe da wata, a bi da ɗinki layi-layi don kada cushen ya taru wuri guda. A fuskar waje kuma a jera ƙyallaye masu kusurwa uku ko huɗu, fari da baƙi da ja da rawaya.

Kalmar daga Larabci take, libd, wadda take nufin dunƙulallen gashi irin wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi. Hausa ta raba baƙaƙen da wasula, ta rufe kalmar da wasali kamar yadda ta saba, b kuma ta koma f. A kare-karen harshen da fi take komawa hi ana jin lihidi. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda aka sa zamaninsa tsakanin 1390 da 1410. Dixon Denham, da ya iso Kukawa a 1823, ya ga irin wannan shiga a yankin tafkin Cadi, kuma littafin tafiyarsu na 1826 yana ɗauke da hoton barden Bagarmi da dokinsa cikin cusasshiyar riga. Damagaram, wadda ta gaji sarautu irin su Ciroma da Kaigama daga Barno, a tsakiyar wannan al'ada ta doki take.

Lifidi yana tare kibiya, yana rage kaifin takobi. Amma yana da nauyi da zafi, wuta tana kama shi, kuma barden da ya faɗi da ƙyar yake tashi. Harsashi kuwa ba ya jin auduga. Bayan kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu 1898, dakarun Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899. Tun daga nan aikin ƴan lifida ya koma na hawan salla da tarbar manyan baƙi.

Abin da ya shafi batunmu shi ne launukan. Fari na masaƙa ne, baƙi na marina, ja mai kyau kuwa, irin mulufi, ta hamada yake zuwa daga Tarabulus, tunda karan dafi ba ya zama a auduga. Rigar doki guda tana iya haɗa gonar auduga da karofi da ayari. Ɗauri da lifidi, ke nan, amsa biyu ce ga matsala guda. Ɗaya ta shiga littattafai saboda ta fada ce kuma ta yaƙi, ɗayar ta tsaya a bakin mata. A ƙasa da lifidi kuma akwai danginsa na talaka, watau maho da haɗa tsummoki don shimfiɗa ko abin rufar hunturu, inda ƙyallen da ya sha rini sau biyu yake ƙare rayuwarsa.

6. Daga karofi zuwa tsakar gida

Abubuwa huɗu suka taru a kan marina cikin shekara talatin. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer. A 1899 Damagaram ta faɗa hannun Faransawa. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Fataucin hamada, wanda attajirai irin su Malam Yaro na Zango suka yi suna da shi, ya mutu, yadin Turai ya riƙa shigowa ta kudu. A 1926 aka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder aka kai Yamai. Akoko da alawayyo da atamfa suka cika kasuwa. Abin da ya riƙe karofi shi ne rawanin Abzinawa, wanda yadin kanti bai iya kwaikwayon sheƙinsa ba.

A rabi na biyu na ƙarni na 20 aka sami juyin da ya mai da rini inda ya fito. Garin rini na kanti, da soda mai ƙuna, da farar hodar da masu sana'a suke ce wa haidiro, suna yi cikin mintoci abin da toka da ruɓa suke yi cikin kwanaki. Ba a bukatar rijiya ko laso. Rabin tano da murhu sun isa. Nan take sana'ar ta buɗe ga mata, kamar yadda aka gani ƙarara a Bamako, inda rinanniyar shadda ta zama babbar haja har ta mamaye kasuwannin Nijar da arewacin Nijeriya. Kakin kyandir ya zama abin shafi, launuka suka yawaita, mai ɗauri ta zama ita ce mai rini.

Wannan ci gaba yana da farashinsa. Soda tana cin hannu, tururin haidiro yana shaƙe ƙirji, ruwan da aka zubar a lungu kuma ba kamar na baba ba ne, wanda lakarsa take komawa katsi. A gari irin Zinder, da yake zaune a kan dutse kuma ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daɗin daɗawa, duk kayan haɗin daga waje suke zuwa. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu 1994, tsadar ta faɗa wa garin rini kamar yadda ta faɗa wa atamfa, alhali baba da toka da kanwa a ƙasar suke.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin ado a tufar Damagaram tarihin allura ne, kafin rini da bayansa, kuma ilimin da ke ƙarƙashin rinin kansa ɗan'uwan ilimin girki ne. Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun adana kalmomin karofi da na doki da yawa, amma galibi a Nijeriya aka tattara su, kuma mafi yawa daga bakin maza.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawarar aiki biyu. Na farko, a zauna da tsofaffin matan Birni da Zango da Mirya da Magarya, a ɗauki sunayen ɗauri da na ɗinki, da aikatau ɗin da suke amfani da su, da karin sautinsu, a kuma rarrabe na Hausa da na Barebari da na Abzinawa da na Yarabawa. Kalmar aro takan faɗi hanyar da dabara ta biyo. Na biyu, a nemi izinin fada a dubi tsofaffin lifida, musamman shafin ciki da wuraren maho, domin a irin waɗannan wurare ne mai ɗinki yakan sa tufar da ta riga ta yi aiki. Ƙyalle guda mai farin zobe da aka samu a cikin lifidin da aka san zamaninsa zai ba rinin kariya shekarar da matafiya ba su rubuta masa ba.